Ranar da Mai Girma Ya Shayar da Yaa

Jama'a, jiya mai keke ya wuce ni a hawan Fordham Road, nan Bronx a Amurka. Keke fa, mai feda, da ledar abincin wani a bayansa. Ni kuwa ina cikin mota mai silinda takwas, na danne totur har tafin ƙafata na gaisawa da kwalta, tana tari, tana aman farin hayaƙi, tana tafiya kamar takardar neman aiki a ofishin gwamnati. Mutumin nan da ya zo daidai tagata sai ya ɗaga mini hannu, irin ɗagawar da ake yi a gidan makoki.

Bari in gabatar muku da mara lafiyar. Sunanta Yaa. Mai ita, Baba Kassim na Parkchester, mutumin Zangon Kumasi, tsohon direban tasi, ranar Alhamis ya saye ta, su kuma a can duk macen da aka haifa ranar Alhamis Yaa ce. Ƙirar 1972, ja wur, bonet ɗinta ya isa a shimfiɗa tabarma a yi walima. Irin motocin nan da Amurkawa ke kira muscle car, wato ƙwanji zalla, babu tattali. Agogon mil ɗinta ya cika ya koma sifili har sau uku, kowane karo ya sake farawa kamar bai taɓa yin mulki ba. Kun san irinsu.

Shekara biyu ina zawarcin makullin motar nan. Idon Baba ya yi rauni, bana ya bar tuƙi, ni kuma duk Asabar in na tashi daga shagon waya sai in zo da bokiti da soso. Na wanke ta, na goge ta, na ci waakye ɗin gidan, shinkafa da wakensu na Gana, har an san cokalina. Jiya ne karon farko da ya miƙo mini makulli ni kaɗai, ya ce, “Ladan, Yaa tsoho ne. Ka bi shi a hankali.” Kada ku yi mamaki, a bakin mutanen Zango mota namiji ne, mata ma wani lokacin sai ka natsu kafin ka gane su.

To me ya kai ni aro? Kwaɗayi, mabuɗin wahala. Kawuna ne ya bugo daga Kano, wai wani abokinsa babban mutum ya iso gari, in zagaya da shi, ba a san inda rana za ta faɗi ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu kira shi Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Yadda Wasu Ke Duba Harkar Mai. Su goma sha huɗu suka taso don su gano sirrin da ya sa nan ba a layi a gidan mai. Kwana tara ke nan, kuma maganar gaskiya sun yi aiki: babu shagon akwati da ba su bincika ba. Allah ya ƙara wa shugabanninmu ƙwazo. Mu da muka yi layin mai na kwanaki bayan guguwar nan ta shekarar 2012 har yau muna ba da labari kamar mun je yaƙi, alhali a gida layin mai har gadonsa ake yi, uba ya shiga, ɗa ya karɓi lamba.

Da safe na ɗauko shi. Yana ganin Yaa ya ce, “Yawwa! Wannan ita ce mota!” Ya miƙo mini katinsa, muƙamai layi biyar, sai da aka rage girman sunansa kafin suka samu wuri. Muka biya gidan mai saboda tankin ya sauka rabi. Da ya ji cewa nan mutum da kansa yake zuba mai, sai ya gyara babbar riga ya ce lallai shi zai zuba, a ɗauke shi hoto don rahoto. Na ɗauke shi hoto uku yana murmushi a gaban famfo, na shiga ciki in biya, na tarar da layin masu sayen tikitin caca. Kafin in fito ya gama, har ya rufe tanki yana goge hannu.

Minti ashirin bayan nan mai keke ya yi mini ta'aziyya. Mai Girma ya dubi hayaƙin, ya dubi agogonsa, ya ce, “Ɗana, za mu duba lamarin.” Ya sauka ya tare tasi.

Da rarrafe na kai ta Parkchester wajen azahar. Baba na zaune a bencin ƙofar gini. Tun kafin ya gan mu ya ji mu.

“Ei! Ladan! Me ka yi ma yaro na?”

“Baba, wallahi ko arba'in ban taka ba.”

“Arba'in? Yaa ba ya tari a arba'in. Tun ba a haife ka ba ba ya tari!”

Sai ga Rafi'atu, 'yarsa, ta sauko da kayan aikinta na asibiti. Rafi'atu tana jin Hausa tsaf, amma amsa sai da Turanci, kuma Turancin ma irin mai gajeren wa'adi. Tana da dalilinta, ban ga laifinta ba: hunturun bara motar nan ta mutu da Baba a kan babban titi, awa biyu yana cikin sanyi, sati guda yana kwance. Tun ranar suka yi yarjejeniya, duk ranar da injin ya gaza, 'yan gwangwan ne. Ta dubi hayaƙin, ta ciro waya, ta yi magana ta minti ɗaya, ta ce motar ja, mai ɗauke matattun motoci, za ta zo ƙarfe huɗu.

Baba ya matso jikin Yaa. Hannu kawai ya ɗora a kan bonet, yana shafawa. 

Kafin ka ce kwabo kwamiti ya haɗu. Ku buɗe bonet a unguwarmu ku ga ikon Allah, mutumin da ko lasisi bai da shi sai ya zama farfesa. Wani ya ce kafireto ne. Wani ya ce salansa ta toshe. Wata Hajiya daga hawa na uku ta leƙo ta ce baki ne, ai dama ta faɗa, jar mota ba ta rabuwa da ido. Wani maƙwabci ya dafa ni ya ce ramukan titi ne suka girgiza mata hanji. Na ce, “Haba dai, ai Mai Girma Sarkin Cike Ramuka ya yi alkawari tun kafin zaɓe.” Ya ce, “Ya cika mana. Da ruwan sama.” Awa guda ana ta muhawara, babu wanda ya taɓa ko ƙusa. Na ce lallai mun cancanci a tura mu ƙasar waje nazari.

Ƙarfe biyu da rabi Malam Zailani ya iso. Bakaniken unguwarmu ne, mutumin Damagaram, gajere, ba ya gaggawa ko gobara ake. Ya kori kwamiti da hannu ɗaya.

“Inji abu huɗu yake so,” in ji shi. “Iska, wuta, mai, da matsi. In ya rasa ƙarfi, ɗayansu ne ya ci amana. Ba a yi masa taro, tambayarsa ake.”

Ya buɗe matatar iska: tsaf, ni na canza ta watan jiya, na kuma tabbatar kowa ya ji. Ya gwada wuta, tana nan shuɗiya tana tsalle. Sai ya kwance fulogi na farko, shi buji yake ce masa, ya ɗaga sama. Baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da maiƙo. Na biyu haka. Na uku haka.

“Wannan fa ba kyau,” ya ce. “In baƙin mai na hawowa kan buji, yawanci ringin fistin ne ya cinye. Mota mai wannan shekaru, in ringi ne, sai dai a yi mata addu'a.”

Rafi'atu ta dubi agogo. Baba ya koma benci ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Amma ban yanke ba,” in ji Zailani. “Ladan, shiga ka murza makulli in na ce.”

Ya ɗaura wani ɗan agogo a ramin fulogi, mai auna ƙarfin matsin kowace silinda. In ringi ya mutu, allurar ba za ta tashi ba. Na murza. Allura ta haura. Ta biyu, ta haura. Jama'a, ban taɓa bin sakamakon zaɓe da zuciya ɗaya irin yadda na bi silinda takwas ɗin nan ba, kuma ga shi a gaban kowa ake ƙirgawa, ba a ɗauke wuta ba, ba a sauya akwati ba. Takwas cif, duka lafiya, kusan kai ɗaya.

“Tsohuwar nan ta fi ka huhu,” ya ce mini. Ya sosa gemu. “To maiƙon daga ina? Ruwa ba ya tsami banza.”

Ya zare tiyon da ke kawo mai, ya tara kaɗan a murfin kwalba, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya ce a ba shi farar takarda. Na laluba aljihu, babu komai sai katin Mai Girma. Ya ɗiga a kai, ya hura, muka tsaya kallo.

“Isansi, fetur ɗinku ke nan, in ka ɗiga shi tashi yake ya bar takarda a bushe. Dubi wannan.”

Wani ƙaton tabon maiƙo ya zauna daram a kan muƙami na uku, ya ƙi tafiya, kamar wanda wa'adinsa ya ƙare.

“Gazuwal ne,” in ji Zailani. “Dizal. Wa ya shayar da ita man tirela?”

Duk idanu suka dawo kaina. Uku da rabi ta wuce. Na ciro waya na kira Mai Girma, na sa kowa ya ji, don ni a lokacin na tabbata ga wanda zai ɗauki gawar.

“Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani. Da safen nan wane famfo ka ɗauka?”

“Mai koren hannu mana. Wanda aka rubuta dizal.”

“Dizal, ranka ya daɗe? Me ya sa?”

“Kai fa! Ba kai ka ce ba? Kana shiga ka waiwayo ka ce, ranka ya daɗe a cika ta da gas. Na cika ta da gas. Ni na ma yaba, na ce mota mai gurnani kamar tifa dama ai ba fetur za ta sha ba.”

Wayyo ni Ladan. Baki shi ke yanka wuya. Shekara takwas a Bronx, harshena ya juye ban sani ba. A nan gas fetur ne. A Kano kuwa, tun ina tallan rake, gas man manyan motoci ne da injin niƙa. Bawan Allah ya bi umarni sak, watakila karo na farko a tarihin kwamiti. Sabbin motoci bakin tankinsu ƙarami ne, kan famfon dizal ba ya shiga, amma Yaa 'yar zamanin da ce, bakinta a buɗe yake, duk abin da babba ya ba ta karɓa take. Rabin fetur ɗin da ya rage shi ya riƙe ranta har muka iso.

“Wani abu ya faru ne?” in ji Mai Girma.

“Motar ce ta kusa mutuwa, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Madalla. Wannan muhimmin bincike ne. Zan sa a rahoto cewa su ma nan suna fama da gurɓataccen mai.”

A nan Rafi'atu ta kasa. Dariya ta kama ta har ta zauna a bakin titi da kayan aikinta, tana share hawaye, kuma, ku shaida, da Hausa ta yi magana: “Kai da shi, wallahi duk ku biyun a kai ku gwangwan.” Baba kuwa ya miƙe, ya mayar da hula, yana ta faɗin, “Na gaya muku! Yaa bai mutu ba! Guba aka ba shi!”

Ƙarfe huɗu daidai motar ja ta iso, abu ɗaya a garin nan da ke cika alkawari. Direban ya sauko da sarƙa. Rafi'atu ta dubi Zailani ta tambaye shi, tsakaninsa da Allah, injin lafiya? Ya ce a zubar da tanki, a wanke layi, a sa sabon buji, za ta binne mu duka. Ta dubi mahaifinta ta daɗe. Sannan ta ce wa direban adireshi ya canza. Motar da ta zo kai Yaa maƙabarta ita ta kai ta garejin Zailani, Baba a gaba kusa da direba kamar uban amarya, ni a tsakiya a matse.

Yau da hantsi ta tashi. Murzawa ɗaya. Ta yi wani gurnani da ya sa ƙararrawar motoci uku kuka a layin, tattabaru suka watse, Baba ya daki bonet yana dariya da haƙoransa shida. Na gyara tsayuwa, na sunkuyar da kai, ina jiran hukunci.

Ya ciro makulli ya riƙe a sama. “Ladan, kai yaro ne mai kirki, amma bakin ka ya fi ƙafar ka gudu. Ga makulli.” Na miƙa hannu biyu. “Ranar da motar shara zai share titi, ka ɗauke Yaa daga wannan gefe ka kai shi wancan gefe, kada a manna mana takarda. In sun wuce ka dawo da shi. Shekara ɗaya. In ba ka kashe shi ba, sai mu yi maganar zagaye unguwa.”

Saboda haka, jama'a, ku taya ni murna, na samu muƙami: Babban Darakta Mai Kula da Tsallaka Titi. Silinda takwas, tafiyar taku ashirin, sau biyu a mako. Kuna dariya ko? Ku yi. Aƙalla ni in an ce in matsa, matsawa nake.