Aji a Cikin Hular Kwano

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba a Doha shi ne ranar da na danna ƙararrawar wani gida a Mu'aither, sai na ji ta buga a cikin kunnena. A cikin iyafis ɗina fa, abin sauraren waya da ke kunnena ƙarƙashin hular kwano. Kafin in gane me ke faruwa, na ji muryar malaminmu yana ce wa aji da Turanci, "Ku ɗan jira ni, ana buga ƙofa."

Bari in koma baya kaɗan. Duk wanda ka gani a kan babur yana kai wa mutane saƙo a garin nan, da abin da ya kawo shi. Razak, ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya a Fereej Abdel Aziz, gini yake yi a gida. Wani abokin aikinmu kuma kuɗin aure yake nema. Ni kuwa na ce wa Hajiyarmu karatu zan yi, don kamfanin yana biya wa ma'aikata kuɗin makaranta. Har kuka ta yi don murna (daga aji biyun sakandare na gudu, ƙin jinin zama wuri ɗaya ne da ni tun ina yaro). Gaskiyar magana, babur ɗin ne ya ja ni.

Ajin ta waya ake yi, Litinin da Laraba bayan la'asar, kuma kamfani yana ɗauke mana aiki a lokacin. Sharaɗi ɗaya ne: ƙarshen zango malami ya sa hannu cewa kana zuwa, in ba haka ba a cire ka. Malam Sanusi, dattijo ne Bazazzage da ke koyarwa a nan, shi ke mana Turanci. A ajin ni kaɗai ne Bahaushe, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Bakano.

Na zauna sau biyu, ƙafafuna suka fara ƙaiƙayi. Sai na ce masa kyamarata ta lalace. Daga nan in shiga aji, in cusa waya a aljihu, in karɓi ragowar kayan Razak, yalla, sai hanya. In an kira suna in tsaya gefen titi in ce ina nan. Wata biyu ina haka, har ina ganin kaina mai wayo.

To ranar nan sunan mace ne a jikin kwalin, ina zan san matar Malam ce? Ƙofa ta buɗe, ga shi nan da jallabiya, kwamfuta a hannu, ɗalibai goma sha biyu a kan allo, da baƙin akwati ɗaya mai sunana. Na bar gilashin hula a rufe, na miƙa kwali ban ce uffan ba. Wata biyu rabonsa da ganin fuskata, na ce a raina khalas, shi ke nan, na tsira.

Yana karɓa ya juya wa kwamfuta. "Bakano, yau ka yi shiru. Karanta mana lamba huɗu."

Ni ga ni gabansa, gumi har cikin safa. Dokar kamfani ce sai na ɗauki hoton kayan a hannun mai shi, na zaro waya da sauri, igiyar iyafis ta fizge. Daidai lokacin ya sake kira, sai wayata ta maimaita da ƙarfi a ƙofar gidansa: "Bakano, kana ji na?"

Ya dubi waya. Ya dubi kwamfuta. Ya dube ni.

"Ɗaga gilashin nan."

Na ɗaga.

"Ikon Allah. Ashe ɗalibin nawa har gida yake biyo ni. Ku Kanawa ko aji sai kun haɗa shi da kasuwa?"

"Malam, wallahi ina ji. Duk ina ji."

"To me muke yi yau?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Turanci."

Ya shigar da ni falo, ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya ce wa aji ga mai lalatacciyar kyamara ya zo da kansa. Wani ɗan Nepal har faɗuwa ya yi daga kujera. Minti arba'in na yi a zaune, hula a cinya, ina karanta lamba huɗu kamar mai hawan tudu. Hajiyar gidan ta aiko min da ruwan sanyi, kunya ta hana ni sha.

Da zan tafi ya daina dariya. "Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Saura sati shida. In ga fuskarka kowane aji, ko in rubuta abin da na gani yau. Wa ya san kana karatun nan a gida?"

"Mahaifiyata."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi min mari zafi. Na dai koyi abu ɗaya: Doha ba ta kai girman da nake tsammani ba.

Ina fita na tsaya a inuwar katanga na rubuta masa: "Malam, Allah ya huci zuciyarka. Litinin za ka gan ni zaune da littafi da biro, in sha Allah. Don Allah a ce wa Hajiya ta ba ni tauraro biyar a manhajar kamfaninmu, kayan dai sun iso lafiya."