Ɗari da Babu a Gonar Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai jikata Jiratawa ba, kuma tun yanzu in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne.

Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar bokon Tsibiri, kafin mahaifina ya maida ni gona. Da aji ukun nan na shekara arba'in ina tsorata mutanen unguwarmu ta Zariya a Maradi da Faransanci (mafi yawansa ƙidaya ce, daga ɗaya zuwa ɗari).

Shekarar da ake rigimar tazarce, 'yata Rabi ta turo mana ɗiyarta Nafisa hutu daga Yamai. Shekarunta tara, ni kuwa amaryata nake ce mata, ita ta ce mini tsohon miji. Rabi ta kira ni a talho ta ce likita ya gano abin da ke murɗa cikin yarinyar har aka kwantar da ita sau biyu, abincinta sai "sans gluten". Ta fara yi mini bayani da Hausa, na katse ta, na ce ba da jahili take magana ba.

To, "sans" babu ne, "cent" ɗari ne, a kunne kuwa duk "san" ne. Ni ɗari na sani. Na ɗauka wani abin gina jiki ne da ake so ta ci ɗari bisa ɗari. A gida tuwon gero ne da fura, shi ya sa asirina bai tonu ba.

Ranar Lahadi na ɗauki amarya da Hajiya, uwargida, muka tafi wata gona a Jiratawa wadda ba a zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari. Akwai rumfa a bakin gonar, abin da aka tsinko shi ake dafa maka. Mai wurin, Mariyama, ta zaga da mu cikin zogale da tumatir da wani fegi na alkama. Na gyara hula na tambaye ta wanne ya fi "gluten". Ta nuna alkama. Na ce to ita za a cika wa yarinyar nan, umarnin likita ne. Ta dube ni ta ce in sake faɗa. Na sake, har da ɗaga yatsa.

Aka kawo dambun zogale, na sakankance da alkama aka yi shi. Nafisa ta wanko hannu ta hau ci, ina ta ƙara mata mai. Ta kusa rabin kwano sai ga kiran Rabi.

"Baba, ka dai ce musu ban da alkama ko? Ko loma ɗaya sai asibiti."

Na ji rumfar ta yi mini zafi. Na dubi kwanon, na dubi bakin yarinyar yana motsi. Na fara auna nisan Maradi, da tsohuwar motar da muka zo da ita wadda sai an tura, da abin da zan ce wa surukina. Na fizge kwanon har dambu ya watse a rigar Hajiya. Na ce Nafisa ta tofar, ta ce ta riga ta haɗiye. Na tambayi cikinta, ta ce lafiya lau. Na sake tambaya. Hajiya ta karɓe talho, ta saurari Rabi, fuskarta na sauyawa.

Mariyama ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta ce in kwantar da hankali, na gero ne. Wai da yarinyar ta je wanke hannu ta tambaye ta, Nafisa kuwa ta ce mata da Hausa tsantsa ba ta cin alkama.

A nan na koyi cewa in ana yi maka bayani da harshen uwarka, ka yi shiru ka ji. Sai dai ban koya nan take ba. Na maida hula daidai, na ce ai dama gwada su nake, in ga ko suna lura.

Hajiya tana kakkaɓe zogale daga rigarta, ko kallona ba ta yi ba.

"Alhaji, ci abincinka. Shekara arba'in kana mana Faransanci, ashe ɗari da babu ma ba ka rabe ba."