Yadda Za Ka Kai Maganin Kwana Bakwai Har Kaka

A shekarun nan da kwanon gero ya fi ƙarfin mai noma shi, bai kamata magidanci ya shanye magani cikin mako guda kamar wanda ya gaji kanti ba. Na tsara wannan hanya ne daga abin da na gani a gidan maƙwabcina Ɗanliti, manomi a wani ƙauye kusa da Makoda, wanda fartanya ta sara a ƙauri ana cikin noman firi. Gonarsa ɗaya ce, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Idan ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari maganinka zai ga kaka. Ban yi alkawarin komai game da ƙafarka ba.

1. Ka jinkirta zuwa asibiti

Ɗanliti ya yi kwana biyar yana barbaɗa wa ciwon toka. Sai da ƙaurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya fara ruwa, sannan matarsa Mairo ta ce ko ya tafi da ƙafarsa ko ta kira ƙannensa su ɗauke shi. A asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar wurin, Malama Safiyatu, ta wanke ciwon, ta tambaye shi ko penisilin ya taɓa fito masa da ƙuraje. Ya ce a'a. Ta ba shi kafso ashirin da takwas na wani magani mai suna sefaleksin, daga dangin da ake kira sefalosforin, masu kashe ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ciwo.

2. Ka riƙa gyaɗa kai, amma kada ka saurara

Ta ce ya shanye duka cikin kwana bakwai ko da ya ji ya warke. Ta ce kada ya ba kowa. Ta ce in ya ga borin jini, ko kumburin fuska, ko gudawa mai tsanani, ya dawo nan take. Shi kuwa yana gyaɗa kai yana duban ledar, zuciyarsa na faɗa masa ashirin da takwas sun yi wa ƙafa ɗaya yawa. Mai hankali yana ɗaukar kalma ɗaya daga bakin likita, ya bar mata sauran.

3. Ka riƙe kalmar da ka ɗauka da kyau

Abin da Ɗanliti ya ɗauka shi ne, “Sau huɗu a rana, Baba.”

Ranar farko ya fitar da tabarma tsakar gida, ya zauna inda babu inuwa, ya sha huɗunsa yana zufa. Washegari hadari ya rufe sama tun safe. Da azahar Mairo ta tuna masa bai sha magani ba.

“Ina ranar take?” in ji shi. “Yarinyar nan a rana ta ce. Ke kin fi ta karatu ne?”

Mairo ta ce ita dai ba ta taɓa jin maganin da ke jiran gajimare ya wuce ba, ta koma kan dakanta. Wannan mataki da damina ya fi kyau. Da bazara ba ya rage ko ƙwaya ɗaya.

4. Da ka ji sauƙi, ka ɗaure bakin leda

A kwana na biyar zafin ya ragu, kumburin ya saɓe. Ɗanliti ya ƙirga, ya ga kafso goma sha ɗaya kawai ya sha. Ya yi hamdala, ya ce manomin da ya cinye irinsa ba manomi ba ne, ya cusa sauran a tsaikon ɗaki, ya saɓa fartanya ya koma gona cikin taɓo.

5. Ka yi kyauta, domin rowa ba kyau

Taubashinsa Ja'afaru, mai amalanken shanu, ya zo yana atishawa. Ɗanliti ya ciro biyu ya ba shi, ya ce wannan na manya ne, mura ba ta kwana a gabansa. Kada ka tambayi mutum ko penisilin ya taɓa yi masa illa, tambaya tana rage ladan kyauta. Kafin la'asar jikin Ja'afaru ya yi rudu-rudu, leɓɓansa suka zama kamar na raƙumi, aka ɗora shi a babur da gaggawa. Allah ya taƙaita. Safiyatu ta shaida masa maganin ba ruwansa da mura tun farko, ga shi kuma jikinsa ba ya shiri da dangin maganin. Ya dawo da murarsa cikakkiya, ya tsaya ƙofar gidan Ɗanliti.

“Bawana, kashe ni ka so yi ka gaji shanun? Ai da ka roƙa na ara maka.”

6. Ka koma asibiti a kwance

Bayan kwana huɗu ciwon ya dawo da zazzaɓi, jan ya haura har gwiwa. Ja'afaru ne ya kai shi a amalankensa, yana zolayarsa tun daga gida har bakin asibiti. Da Safiyatu ta ji labarin rana da hadari, sai ta ce:

“Baba, kai da kake noma, in ka sare kan ciyawa ka bar saiwar, me take yi?”

Ya ce tana tohowa.

“To ta toho, kuma wannan karon ta san fartanyarka.”

Ta tura shi Ɗambatta, inda ya yi kwana goma ana yi masa allura. Maganin da aka sallame shi da shi, a hannun Mairo aka damƙa. Ta ƙulle a bakin zane, tana ba shi da asuba, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya, ko ana ruwa ko ba a yi, har ya ƙare tas. Da aka nemi ya dawo da ragowar na farko, ya ce ɓera ya ɗauke.

7. Ka girbi sakamako

Kafin ya iya tsayuwa da kyau, ciyawa ta kai geron wuya. Maƙwabta sun yi masa gayya, amma sai da kowa ya gama tasa. Da kaka Ɗanliti ya ciro ledarsa daga tsaiko. Kafso sha biyar suna nan, raɓa ta manne su wuri ɗaya, ko akuya ba za a ba ba. Ya rataye su a cikin rumbu, kuma bai sha wahalar samun wuri ba, domin geron bana bai kai rabin rumbun ba.

Sanarwa

Alkawarina ya cika, magani ya ga kaka. Abin da ya samu ƙafarka, ko leɓen taubashinka, ko tukunyar iyalinka, babu hannuna a ciki, kuma kada ka ambaci sunana gaban Malama Safiyatu. Mai son ƙarin bayani ya nemi Ɗanliti. Ba shi da wuyar samu: kullum hantsi yana bin ƙofar gidaje da ɗingishi, yana tambayar wanda ke neman ɗan ƙodago.