Rubutun Inna a Ranar Tiyata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da safiyar da za a yi mini aikin ƙaba a Dogon Dutsi. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya taso mini sabo fil.

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne a lokacin. Ina da shagon kayan babur a bakin kwalta, kuma ni ne mai baki a majalisarmu ta matasa masu wa'azi. Ustaz ake ce mini (ba wani karatu gare ni ba, murya ce Allah ya ba ni). Babu abin da nake yaƙa kamar shan rubutu. Kullum ina cewa wanda ya dogara ga Allah ba ya buƙatar wankin allo. Ko mahaifiyata da ke Matankari ban ɗaga mata ƙafa ba.

Ana gobe aiki, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ja mini kunne. "Ba abinci, ba hura, ba nono. Ruwa zalla kana iya sha, amma ka bari in ya rage awa biyu. Ka sha ɗin, don kada ƙishi shi sa jininka shi sauka." Na ce masa ni mai azumin Litinin da Alhamis ne, ko ruwan ma na yafe. Ku ji fa cika baki.

Da safe ina zaune a barandar asibiti aka turo wani daga ɗakin tiyata, baki buɗe, ko motsi ba ya yi. Barci kawai yake, amma ni gawa na gani. Ana haka sai ga Inna ta sauko daga babur da kwano a ƙulle cikin ɗankwali. Ta ja ni bayan gini.

"Malam ya rubuto ma," in ji ta. "Na san ba ka son ɗacin tawada, sai na dama shi cikin hura."

Da wani ne, da na yi masa wa'azin minti talatin. Ni kuwa gabas na duba, na duba yamma, na kafa kai. Ban sauke kwanon ba sai da na ga gindinsa. Na ce wa zuciyata ai wannan magani ne, ba abinci ba. Mutumin da ya ƙi ruwan da majo ya halatta masa!

Na goge baki na dawo, na tarar da 'yan majalisarmu su biyar sun zo, har da babbanmu Malam Habu. Ya dafa kafaɗata ya ce wa sauran, "Ku dubi tawakkali. Ko gezau bai yi ba." Na sunkuyar da kai kamar na Allah.

A ciki aka sa mini rigar nan mai buɗaɗɗen baya, na hau gado. Matar da ke sa mutane barci ta tambaye ni ko na ci wani abu. Na ce a'a. Tana haɗa allurarta tana bayani, wai ruwa nan da nan yake barin ciki, amma abu mai nono da gero sai ya yi awanni yana zaune. In mutum ya yi barci yana iya tasowa ya faɗa huhu, wani daga nan ba ya tashi.

Na buɗe baki zan yi magana, gyatsa ta riga ni fitowa. Ɗakin duk ya ɗauki tsamin nono.

Matar ta ajiye allurarta. Ta sauko da ni, ta tasa ni gaba har baranda, ina riƙe da bayan riga da hannu ɗaya, ta ɗaga murya: "Wa ya ba wanga hura?"

Na yi wa Inna ido, na ƙara yi. Ina! Ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ba hura ta ba, ɗiyata, rubutu na. Shekara bakwai ina hwama da shi shi sha, yau Allah ya shirye shi. Ya shanye tas, har lasar kwano ya yi!"

Malam Habu ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce, "Allah shi ba da lahiya, Ustaz." Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Aka ɗaga aikin sati biyu. Sati biyu ina wuce majalisa da ƙabata, ana amsa sallamata da ladabin da ya yi yawa. An yi aikin lafiya daga baya, amma bakin wa'azina bai warke ba har yau.

Na dai koyi darasi. Kada ka yi wa mai tsoro wa'azi sai ka taɓa kwanciya inda yake kwance. In kuwa har za ka aikata abin da kake hana mutane, kada ka yi shi a gaban mahaifiyarka. Kai ɓoyo kake, ita alfahari take.