Jawabin Ruwan Sama da Na Yi a Bayan Sanyinna

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko bayan rasuwar mai ɗakina ba, ko da yake da ana zaɓen abin mantawa, da ita zan fara.

A lokacin na yi watanni ba na wuce masallacin unguwarmu a Tambuwal. Sai 'yata Rukayya, wadda ke karatu a jami'a, ta zo hutu da abokan karatunta. An ba su aikin shiga ƙauyuka su faɗakar da manoma kan sauyin yanayi, kuma ita ce shugabarsu. Ta ce Hausarsu duk Turanci ya cinye ta, dattawa ba za su saurari yara ba, ni da na yi shekaru ina koyarwa a firamare in zo in buɗe musu taro. (Daga baya na gane so take kawai in fita in sha iska.) Na amsa, don ban so ta koma makaranta hannu wofi, ga rashin uwa ga faɗuwar aiki.

An shirya da mai unguwar wani ƙauye da ke bayan Sanyinna cewa za mu tarar da jama'a a ƙofar gidansa da hantsi. Daren ranar aka kwana ana ruwa. Hanya ta lalace, muka yi ta turin babura cikin taɓo, ba mu isa ba sai bayan azahar, waya kuma babu sabis.

Muna shiga na hango maza zaune kan tabarmi, shiru. Na ji daɗi a raina, na ce ga mutane masu cika alkawari. Rukayya da 'yan matan suka shige cikin gida wajen mata, samarin suka kafa lasifika suka miƙo mini. Tun rasuwar na saba da kallon ƙasa, ba na son haɗa ido da kowa, saboda tausayin da nake gani a fuskoki. Don haka daga nesa na yi sallama, na sunkuyar da kai, na fara.

Na yi bayani yadda yaran suka koya mini. Na ce damina ta daina zuwa da tsari, ruwan wata guda yakan zuba a dare ɗaya. Ba wanda ya yi tari. (Ban taɓa samun aji mai natsuwa haka ba, har na fara jin ashe ban tsufa ba.) Sai na ƙara da nawa, wanda ba wanda ya sa ni. Na ce wani lokaci mu ke jawo wa kanmu, mutum ya ga ginin ƙasarsa ya jiƙe ya tsage, ya kwanta a ciki, in ya rufta a ce ƙaddara.

A nan na ji an ja mini hannun riga. Rukayya ce, ta fito ko takalmi babu, idonta ya yi ja. A hankali ta ce, "Baba, don Allah ka ajiye."

Wani dattijo ya taso daga kan tabarma, shi ne mai unguwar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, sannunku da hanya. Wanga ba taronku ba ne. Ƙanena munka rufe da sahe. Ɗaki ya faɗa mishi cikin ruwan jiya."

Sai a lokacin na ɗaga kai na ga butoci, na ga carbi a hannuwa, na ga ƙasar maƙabarta a ƙafafunsu. Ni da ban daɗe da tashi daga irin wannan tabarmar ba. Kuma duk abin da na faɗa, matar mamacin ta ji shi a cikin gida, don lasifikar tana da kyau.

Na cire takalmi na durƙusa, na yi ta'aziyya da muryar da ni kaina ban ji ta ba. Samarin suka naɗe wayoyinsu suka zauna a bayana. Mai unguwa ya ce sun bar ni ne saboda sun ji labarin nawa rashin, sun ɗauka wa'azi zan yi. Na roƙe shi kada ya ɗora wa yaran laifina. Ya ce su dawo bayan addu'ar bakwai, amma su yi maganar da bakinsu.

Sun koma, an saurare su, Rukayya ta ci aikinta. Ni aka bar ni gida, ban kuma yi gardama ba.

Tun daga ranar, in na ga maza a kan tabarma, sai na zauna na duba fuskoki kafin in buɗe baki. Har na wuce gona da iri: kwanan baya a Kebbe na yi wa wani mutum "ya haƙuri" a ranar sunan ɗansa.