Yaƙin Nafi'u da Ledar Inna

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadaukai, Nafi'u ɗan Malam Haladu, jikan Barau Maiƙira wanda tartsatsin maƙerarsa ya haskaka Funtuwa, tattaɓa-kunnen Ɗanjuma da aka ce ya taɓa korar kura da muciya. Shi ne autan Hajiya Kande, amirul wayoyi, garkuwan soket, mai kwance abin da ke aiki lafiya domin ya gano dalilin lafiyarsa.

Asalin fitinar kuwa, gwarzon nan ya kwashe kaset-kaset ɗin bidiyo da mahaifiyarsa ta tara, na biki da na suna da na dawowarta daga Makka, ya juye su kaf a cikin wata tsohuwar kwamfuta da ya girke a lungun falonsa, ya raɗa mata suna Rumbu. Da giyar nasara ta ɗebe shi, sai ya ɗauki tsohuwar na'urar bidiyon Hajiya ya miƙa wa 'yan gwangwan, bai shaida wa kowa ba.

Ana nan sai Hajiya ta aika aka kira shi.

"Auta, ranar Juma'a ƙawayena za su zo mu kalli bikin yayarka Ladidi. In ban kunna da hannuna ba, ka mayar mini da bidiyona inda ka ɗauke shi."

Sadauki ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama, Inna." Amma ya san a daidai lokacin nan guduma ta riga ta gama hukunci a kan bidiyon. Mafita ɗaya ta rage: ya samo 'yar na'urar da ake haɗa wa talabijin, wadda za ta janyo hotuna daga Rumbu zuwa ɗakin Hajiya, kuma tsohuwa ta iya sarrafa ta.

Sai ya ɗaura ɗamara, ya hau babur ɗinsa mai tari, ya keta ƙura da hayaƙi da cunkoson masu lemo har ya isa layin masu kayan lantarki, inda ya yi ta muhawara da fatake kamar mai ƙulla sulhu tsakanin dauloli. Ya fara dawowa da wata siririya mai kamar yatsa, wadda ake sokawa a bayan talabijin. Ta soma da kyau, sannan numfashinta ya ƙare a tsakiyar fage, ta daskarar da amarya baki buɗe da lomar shinkafa a hannu. Ya mayar da ita cikin kwalinta ba tare da jana'iza ba.

Daga nan ya ɗauko sarauniyar na'urori, baƙa wuluk mai sheƙi, wadda mai shago ya rantse ko gidan gwamna sai an yi mata shimfiɗa. Rimot ɗinta sumul kamar madubi, babu maɓalli ko ɗaya, shafa shi ake yi da yatsa. Aka haɗa ta, sai ga Ladidi garau, har ana ƙirga zanen lallenta. Nafi'u ya ɗaga hannu sama ya yi ƙaraji: "Sai ni, na Kande! Yau Rumbu ya buɗe!"

Hajiya ta karɓi rimot, ta jujjuya shi, ta yaba kyansa. Sannan cikin natsuwa ta jawo farar leda daga ƙarƙashin filo, ta naɗe shi ninki biyu, ta bi shi da salatif, kamar yadda ta yi wa kowane rimot da ya taɓa shiga ɗakinta. Ta shafa. Shiru. Ta sake shafawa da ƙarfi. Sarauniya ta yi kunnen uwar shegu.

"Inna, wannan ba a sa masa leda."

"A ɗakina? Tsirara? Da hannun mai da na goro? Allah ya kiyaye."

"Ai fatar yatsa yake ji, Inna."

"To, ya koyi jin leda. Waɗanda suka riga shi duk sun koya."

Masu tarihi sun haɗu a kan cewa ba a taɓa ganin runduna ta watse da sauri kamar haka ba. Sadauki ya kawo hujja ta ilimi, ya kawo ta lallashi, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi shaida a tabarma, amma ganuwar leda ba ta tsage ba, ga Juma'a kuma tana tahowa kamar rundunar da ba ta karɓar fansa.

Da safiyar Alhamis ya koma kasuwa, wannan karon da leda a aljihu. Duk rimot ɗin da aka miƙo masa sai ya naɗe shi ya latsa, yaran shago suna ƙyafta wa juna ido. A can ƙasan kanta ya tono wani akwatin na'ura mummuna, ruwan toka, mai rimot da maɓallan roba ƙulu-ƙulu kamar wake. Shi ne ya amsa kira ta bayan leda.

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙawaye suka cika ɗaki. Hajiya ta latsa da hannunta, Ladidi ta bayyana, aka yi guɗa. Nafi'u yana bakin ƙofa, ƙirji a buɗe, yana jiran kirari. Kafin amarya ta gama fitowa daga mota, tsofaffin sun juya wa talabijin baya sun shiga zancen tsadar manja.

Da aka watse, Hajiya ta sa masa albarka mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Ya juya zai fita, takalmi ɗaya a ƙafa, sai ta ce:

"Af, Auta. Bidiyon nan dai ka kawo mini shi gobe. A kansa nake ɗora fulas ɗin shayi."