Rigar Kaka Ta Zame

"Lafiya lau, amarya. Ya injin naki mai gurnani? Kwana uku ke nan ya hana ni barcin rana," in ji tsohon tela ga jikarsa.

"Ya gama, angona. Jawo kujera, in gwiwar ta yarda."

Jikar tsohon telan a kantin magani take aiki, amma duk ranar hutu tana gaban kwamfuta tana ƙera 'yan katun. Wata biyu ta yi tana gina katun ɗin Kaka, har da tabon goshinsa, don a nuna wa dangi ranar cikarsa shekara tamanin. Kwamfutar kuwa, uwar nawa, hoto ɗai-ɗai take fitarwa, kowanne minti shida. Jikar ma ba ta kalli bidiyon ba tukuna. Ta danna.

Ga Kaka a allo ya taho da taƙama. Taku ɗaya, taku biyu, sai babbar rigar ta sulale daga kafaɗunsa ta zube ƙasa, shi kuwa ya wuce abinsa daga shi sai gajeren wando.

"Innalillahi!" Ta ɗora hannu a ka.

"Ke! Shekara hamsin ina suturta mutane, ni za ki tuɓe gaban surukaina?"

"Na manta ban maƙale ta a kafaɗa ba."

"Jikar tela guda! Wallahi saki uku."

"Rigar ma gajiya ta yi da kai."

"Maza gyara!"

"Gyaran minti biyu ne. Sake fitarwa, kwana uku. Taro kuma jibi." Ƙwalla ta ciko mata.

Tsohon ya gyara tabarau, ya matso hancinsa na neman taɓa allon.

"Tsaya nan. Wannan ƙirjin na waye?"

"Jikin kyauta ne na samo a intanet, na ɗora masa kanka. Na ɗauka riga za ta rufe."

"Har da damatsan nan?"

"Na ɗan dambe ne. Kai da ake ƙirga haƙarƙarinka ta cikin riga?"

"Ƙarya kike! Haka nake kafin in aure ki ki ƙarar da ni da yunwa."

Ya tuntsure da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya zare tef ɗin awon da ke wuyansa ya rataya mata.

"Ungo, ki koyi kafaɗa. Wannan kuwa kar ki taɓa masa ko zare, haka dangi za su gan ni. Mayar baya in sake ganin damatsana."